Kano a zaɓen 1979: jihar da ta ƙi Shagari, kuma da ƙuri'unta aka naɗa shi

Wani ɗalibi daga Kano ya aiko min da tambaya. Ya ce gardama ce ta kaure a gidansu bayan sallar isha'i. Baffansa ya rantse cewa Kano ba ta zaɓi Alhaji Shehu Shagari a 1979 ba, Malam Aminu Kano ta bi. Shi kuwa ya karanta a wani wuri cewa da ƙuri'un Kano aka tabbatar wa Shagari shugabancin ƙasa. Yana so ya san wa ke da gaskiya, kuma mene ne "sha biyu da biyu bisa uku" da yake jin dattawa na ambata suna murmushi.

Ɗana, kada ka ja da baffa, ya fi ka gaskiya. Amma abin da ka karanta shi ma ba ƙarya ba ne. Dukansu biyu sun faru a zaɓe guda, kuma ba za ka gane yadda suka haɗu ba sai mun bi ƙidayar da kanta.

An kaɗa ƙuri'ar shugaban ƙasa ranar Asabar, 11 ga Agusta, 1979. Tsakiyar damina ce, kuma mutane da azumi a baki, don watan Ramadan ya wuce rabi a lokacin. Wannan shi ne fita ta biyar a cikin makonni shida: an yi na sanatoci ranar 7 ga Yuli, na majalisar wakilai ranar 14, na majalisun jihohi ranar 21, na gwamnoni ranar 28. Jama'a sun gaji, manoma na gona. Ka kuma sa a ranka cewa Kanon da muke magana ba Kanon yau ba ce. Har da Haɗejia da Gumel da Kazaure da Dutse da Ringim a ciki, domin sai a 1991 aka yanke Jigawa. Rajistar masu zaɓe ta jihar ta haura mutum miliyan 5, amma ƙuri'un da aka ƙirga 1,220,763 ne. Wani ɓangare na wannan giɓi azumi ne da noma, wani ɓangaren kuma, a ganina, rajistar ce aka hura mata iska tun farko.

Daga cikin waɗannan ƙuri'u, Malam Aminu Kano na PRP ya kwashi 932,803, wato kashi 76 cikin ɗari da ɗoriya. Shagari na NPN ya samu 243,423, kashi 19.94 ke nan. Ragowar 'yan takara uku suka raba ɓurɓushi: Waziri Ibrahim na GNPP 18,482, Cif Obafemi Awolowo na UPN 14,973, Dokta Nnamdi Azikiwe na NPP 11,082. To ka ga inda baffa ya tsaya. Cikin kowane mutum huɗu da suka dangwala a Kano, uku mabuɗi suka dangwala wa, alamar PRP.

Wannan kaye bai ba kowa mamaki ba, don an ga alamarsa tun makonnin baya. PRP ta lashe kujerun sanata biyar na Kano gaba ɗaya, ta kwashe mafi yawan kujerun wakilai da na majalisar jiha, Alhaji Abubakar Rimi kuma ya ci gwamna. Abin da ya kamata ka tambaya shi ne, me ya sa Kano ta fita daban? Sakkwato da Bauci da Neja sun bi NPN, Barno da Gongola sun ba GNPP gwamna, Filato ta ba NPP. Ina Kano ta samo nata hali?

Tushen abin yana can a 1950, shekarar da aka kafa NEPU, tsohuwar jam'iyyar Malam Aminu Kano, a birnin Kano. Shekara da shekaru 'yan NEPU suna shan ɗauri da bulala a hannun 'yan doka da kotunan En'e, wato hukumar mulkin sarakuna, saboda sun ce talaka ma mutum ne, kuma sun ja da haraji da jangali da aikin tilas. Tela da maƙeri da ɗan koli da fatake da malaman zaure, waɗannan su ne jikin jam'iyyar. A jamhuriya ta farko jam'iyyar NPC ta Sardauna ce ke da mulki da sarakuna a Arewa, NEPU ba ta taɓa kafa gwamnati ba, ko da yake Malam ya ci kujerar Kano ta Gabas a majalisar tarayya a 1959. Amma a tsakanin 1966 da 1979 abubuwa biyu sun sauya. Sojoji sun ƙwace 'yan doka da gidajen yari da kotuna daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ƙarasa rage ƙarfin hakimi a kan mai zaɓe. Mutumin da a da yake tsoron dagaci ya gan shi a taron 'yan adawa, yanzu ya san ba wanda zai kulle shi. Na biyu, mata. A zaɓen tarayya na 1959 da na 1964 matan Arewa ba su da ƙuri'a. A 1979 sun fito, kuma sun san wace jam'iyya ce ta daɗe tana yi musu wannan faɗa, tun zamanin da ake ɗaure su Hajiya Gambo Sawaba.

Ni kaina ina saurayi a lokacin, kuma abin da ban manta ba shi ne layin mata a wata makarantar firamare ta unguwarmu. Wata tsohuwa ta zo da jikarta tana riƙe mata tabarma, ta shimfiɗa a gindin darbejiya don azumi ya galabaitar da ita. Malamin zaɓe ya fara yi mata bayanin alamomi ɗaya bayan ɗaya, ga gida da masara na NPN, ga wannan, ga wancan, ta katse shi ta ce, "Yaro, nuna min mabuɗin Malam in tafi gida." Ba ta san sunan mataimakinsa ba, ba ta san me kundin tsarin mulki ya ce ba. Ta dai san wanda take bi tun tana amarya.

Akwai abin dariya a nan. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yaƙi da haraji, da harajin aka so a hana shi takara. Hukumar zaɓe, FEDECO, ta ce takardun biyan harajin Malam ba su cika ba, shi da Azikiwe, sai da kotu ta wanke su. Wannan ma ya ƙara wa magoya bayansa zafi.

Kada kuma ka raina ƙuri'u 243,423 na Shagari. NPN tana da manya a Kano. Ɗanmasanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, yana cikin waɗanda suka nemi tikitin jam'iyyar a Legas kafin Shagari ya samu. Ga tsofaffin 'yan NPC, ga gidajen sarauta, ga wasu attajirai da ma'aikatan gwamnati. Kashi ashirin cikin ɗari a gidan Malam ba ƙaramin ƙoƙari ba ne. Matsalar ita ce doka kashi ashirin da biyar take nema.

Ga abin da dokar ta ce. Sojojin Murtala da Obasanjo sun tsorata da abin da ya rusa jamhuriya ta farko, inda kowace jam'iyya ta zama ta yanki guda. Don haka dokar zaɓe ta 1977, da gyaran da aka yi mata, ta gindaya sharaɗi biyu. Dole ɗan takara ya fi kowa yawan ƙuri'u a ƙasa baki ɗaya. Dole kuma ya samu aƙalla rubu'in ƙuri'un da aka kaɗa a kowace ɗaya daga cikin aƙalla biyu bisa uku na jihohin tarayya. In babu wanda ya cika, sai a tara 'yan majalisar tarayya da na jihohi su zaɓa tsakanin manyan biyu.

Sharaɗi na farko ba gardama a kansa. Shagari ya samu 5,688,857, Awolowo 4,916,651, Azikiwe 2,822,523, Malam 1,732,113, Waziri Ibrahim 1,686,489. Ka lura, fiye da rabin ƙuri'un Malam na ƙasa gaba ɗaya daga Kano suka fito. A sharaɗi na biyu ne aka yi karo da bango. Jihohi 19 ne a lokacin, kuma 19 ba ta rabuwa uku. Shagari ya haura rubu'i a jihohi 12: Sakkwato, Kaduna, Neja, Bauci, Barno, Gongola, Filato, Binuwai, Kwara, Bendel, Ribas da Kuros Riba. Awolowo a shida kawai ya samu. A sauran bakwai ɗin da Shagari ya gaza, wato Legas, Ogun, Ondo, Oyo, Anambra, Imo da Kano, babu inda ya kusanci rubu'i kamar Kano. Rubu'in ƙuri'un Kano 305,191 ne. Da mutum dubu sittin da biyu daga cikin waɗanda suka bi Malam sun juya, da ba a taɓa jin wannan shari'a ba. Abin da ya sa sunan Kano ya shiga ke nan. Ita ce ta goma sha uku a jerin, ita ce mafi kusa.

Kafin zaɓe kusan kowa ya ɗauka biyu bisa uku na 19 yana nufin jihohi 13. FEDECO kanta da 13 ta yi aiki lokacin da take yi wa jam'iyyu rajista, ta ce sai mai ofisoshi a jihohi 13. Sai ga Cif Richard Akinjide, lauyan NPN, wanda bai daɗe da shan kaye a takarar gwamnan Oyo a hannun Bola Ige ba, ya fito ya ce a'a. Biyu bisa uku na 19, in ji shi, 12 ne da biyu bisa uku, ba 13 ba. Saboda haka a jiha ta goma sha uku ba a buƙatar rubu'in dukan ƙuri'u, rubu'in biyu bisa ukun ƙuri'un ake buƙata. Biyu bisa uku na 1,220,763 shi ne 813,842. Rubu'in wannan kuwa 203,460 da rabi. Shagari yana da 243,423. Ya wuce. Ranar 16 ga Agusta babban jami'in tattara sakamako, Frederick Menkiti, ya ayyana Shagari a kan wannan lissafi.

Na daɗe ina koyar da wannan a aji, kuma da buhun hatsi nake bayyana shi. Ka ɗauka buhu ne mai tiya talatin, gero da dawa a gauraye, dawar tiya shida ce, wato ɗaya bisa biyar. Mai saye ya ce ba zai karɓa ba sai dawa ta kai rubu'i. Sai dillali ya ce a rage sulusin buhun, a auna saura. In da gaskiya za a yi, hannu zai shiga ya ɗebi tiya goma yadda suke a gauraye, a bar ashirin da dawa tiya huɗu a ciki. Har yanzu ɗaya bisa biyar ce, ba abin da ya sauya. Amma dillalinmu sai ya zauna ya tsince gero zalla har tiya goma ya zubar, bai taɓa ƙwayar dawa ko ɗaya ba. Yanzu dawa shida ce cikin ashirin, ta haura rubu'i. Abin da aka yi wa ƙuri'un Kano ke nan. An rage jimillar da sulusi, an bar na Shagari cif. Duk malamin da ya iya rabon gado zai gaya maka cewa in ka taɓa asalin lissafi, dole ka taɓa kason kowa.

Awolowo ya kai ƙara kotun zaɓe ta musamman a Legas, ƙarƙashin Mai shari'a B. O. Kazeem. Cikin shaidunsa akwai Farfesa Ayodele Awojobi na Jami'ar Legas. Hujjarsa ta burge ni tun ranar da na fara karanta ta. Ya ce in ma an yarda ana iya yanka jiha, to wane biyu bisa ukun Kano ake nufi? Kano na da ƙananan hukumomi 20 a lokacin, kuma akwai hanyoyi 38,760 da za a iya zaɓo biyu bisa uku daga cikinsu. Kafin ka ce mutum ya samu rubu'i a biyu bisa ukun Kano, sai ka nuna wane yanki ne, ka ƙirga abin da ya samu a can. Babu wanda ya yi wannan. Duk da haka kotun ta kori ƙarar ranar 10 ga Satumba.

Aka tafi Kotun Ƙoli. Alƙalai bakwai suka zauna, Babban Joji Atanda Fatai-Williams ne a gaba, kuma bai fi 'yan makonni da hawa kujerar ba, abin da magoya bayan Awolowo ba su daina faɗa ba har yau. Cikin alƙalan akwai Mohammed Bello da Muhammadu Lawal Uwais, waɗanda daga baya kowannensu ya zama Babban Jojin Nijeriya. Ranar 26 ga Satumba, saura kwana biyar a miƙa mulki, suka yanke hukunci shida da ɗaya. Mafi rinjaye suka ce kalmomin dokar a fili suke, biyu bisa uku na 19 shi ne sha biyu da biyu bisa uku, kuma kotu ba za ta cusa 13 a inda masu rubuta doka ba su rubuta ba. Mai shari'a Kayode Eso shi kaɗai ya tsaya a ɗaya ɓangaren. A wurinsa jiha ƙasa ce mai iyaka da mutane a cikinta, ba a gutsura ta, don haka 13 ake nema, kuma a tafi zaɓen 'yan majalisu.

Mutane sukan manta da ra'ayi na uku, na Mai shari'a Andrews Obaseki. Shi bai gamsu da lissafin Akinjide ba, amma ya yarda a kori ƙarar, bisa wani sashe na dokar da ya ce ba a soke zaɓe in an bi ƙa'ida a mafi yawan al'amari kuma kuskuren bai sauya sakamako ba. In ka tambaye ni, a lissafi Eso ne da gaskiya, ba ni da shakka. Amma hanyar Obaseki ta fi ta sauran biyar ɗin tsabta, domin bai yi wa ilimin lissafi ƙarya ba. Ya dubi mutumin da ya fi kowa ƙuri'a da tazarar sama da dubu ɗari bakwai, ya ninka abokin karawarsa a yaɗuwa cikin jihohi, ya ce wannan ya isa.

Dole kuma a faɗi abin da ke ɗaya hannun, don masu zagin hukuncin ba sa son zuwa nan. Da Eso ya yi rinjaye, ba talakawa za a koma wa ba. 'Yan majalisa ne za su zaɓa, mutum ƙasa da dubu biyu, a ƙasar da kuɗin mai ke yawo. NPN na da sanatoci 36 cikin 95 da wakilai 168 cikin 449, UPN na da 28 da 111. Babu mai rabi. Ciniki za a buɗe da NPP da GNPP da PRP, kuma wakilan PRP 49 da sanatocinta bakwai, waɗanda galibinsu 'yan Kano ne, da sun zama amaren kasuwa. Ka ga ko ta wannan hanya aka bi, sai an dawo ƙofar gidan Malam a Gwammaja. Shin Awolowo zai ci a can? Mai yiwuwa, amma ka tuna NPP ta Azikiwe da NPN ta ƙulla yarjejeniya kafin a rantsar da gwamnati, har ta samu kujerar kakakin majalisar wakilai. Sojojin ma da kansu sun gane haɗarin wannan tsari, suka cire zaɓen 'yan majalisu daga kundin tsarin mulki kafin su sauka, suka maye gurbinsa da zagaye na biyu na jama'a.

Aka rantsar da Shagari ranar 1 ga Oktoba, 1979. Ya naɗa Akinjide ministan shari'a, kuma laƙabin sha biyu da biyu bisa uku ya bi mutumin har ƙarshen rayuwarsa. A Kano kuwa Rimi ya soke haraji da jangali, haka Balarabe Musa a Kaduna, abin da tsohuwar nan ta gindin darbejiya ta fito nema ke nan. Ba a yi nisa ba PRP ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, 'yan majalisar NPN suka tsige Balarabe a watan Yunin 1981, Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, ana saura 'yan watanni a sake zaɓe. A zaɓen na 1983, da ƙuri'un Malam suka rabu tsakanin PRP da NPP da Rimi ya koma, Shagari ya samu rubu'insa a Kano ba tare da lauya ba.

Sharaɗin rubu'i a biyu bisa ukun jihohi yana nan a sashe na 134 na kundin 1999. Yanzu jihohi 36 ne, biyu bisa uku 24 cif, babu gutsure. Sai gardamar ta koma kan Abuja, ko dole ne a samu rubu'i a can daban, har Kotun Ƙoli ta ce ba dole ba ne a hukuncinta na watan Oktoban 2023.

In kun zauna da baffa, ka ce masa na ce maganarsa dutse: Kano Malam ta zaɓa, uku cikin huɗu. Sannan ka tambaye shi a hankali ko ya san cewa ƙuri'u 243,423 na maƙwabtansa 'yan gida da masara su ne Kotun Ƙoli ta auna. In ya ce ya sani, ka ɗauko tiya da buhu ku gwada lissafin a tsakar gida, ka ga ko zai yarda da awon dillali.